Zan je taron masana koyar da kwamfuta karo na farko, kuma ba ni da maƙala: zuwan zai yi amfani?

Tambayar ta fito ne daga wata malama da ta shekara biyu tana koya wa 'yan ajin farko na jami'a rubuta firogiram. Ta ce duk zangon karatu kusan kashi ɗaya bisa uku na ajinta ke faɗuwa. Sashenta ya yarda ya ɗauki nauyin zuwanta taro guda ɗaya na masana koyar da ilimin kwamfuta, amma ba ta da maƙalar da za ta gabatar. Tana son ta san ko zuwan zai yi amfani, wane taro za ta zaɓa, kuma in ta je me za ta yi.

Malama, ki je. Rashin maƙala ba dalilin zama ba ne, hasali ma ni na fi so mutum ya yi zuwansa na farko hannu sake. Wanda ya je gabatarwa a karon farko yakan kwashe kwana biyu hankalinsa na kan 'yan mintunan da zai yi a tsaye gaban jama'a, bai ji abin da kowa ya faɗa ba, ranar ta uku kuma yana fama da hucewa. Ke kuwa kina riƙe da abin da ya fi maƙala amfani a irin wannan wuri, wato matsala takamaimiya daga aji na gaske. Ita za ta zaɓa miki taro, ita za ta gaya miki ɗakin da za ki shiga, ita kuma za ki buɗe baki da ita idan kin tsaya kusa da wanda ba ki sani ba.

Bari na fara da adadin da kika ambata, domin abu na farko da taron zai yi miki shi ne ya cire miki tunanin cewa ke kaɗai ce. A 2007 Jens Bennedsen da Michael Caspersen sun tattara bayanai daga manyan makarantu sama da 60, suka tarar kimanin kashi 67 cikin ɗari na ɗalibai ne ke cin kwas ɗin farko na rubuta firogiram. A 2014 Christopher Watson da Frederick Li sun bi ta wata hanya daban, suka tsinto alƙaluma daga rubuce-rubucen da aka riga aka buga a ƙasashe 15, suka samu kashi 67.7. Kin ga ajinki ba shi da wani ciwo na daban. Wannan ba ya nufin ki naɗe hannu, sai dai yana nufin akwai mutanen da suka shafe shekaru suna tono a daidai ramin da kike ciki, kuma za ki same su a ɗaki ɗaya.

Batun wane taro, yawancin waɗanda suka amsa sunansu suna ƙarƙashin SIGCSE ne ko suna da alaƙa da ita. Reshe ne na ACM, babbar ƙungiyar masana kwamfuta, da ya keɓanta da koyar da ilimin kwamfuta, an kafa shi a 1968. Babban taronsa na shekara, wanda shi ma kowa ke kira SIGCSE kawai, ya fara a 1970. Ana yin sa a watan Fabrairu ko Maris, kusan kullum a Amurka, ko da yake na 2023 a Toronto ta Kanada aka yi. Mahalarta sukan haura dubu, ɗakuna da yawa na gudana a lokaci guda, kuma malaman aji sun fi masu bincike zalla yawa. Idan abin da kike so shi ne ki dawo da dabarar da za ki gwada a makon farko na zango mai zuwa, nan ne wurin.

ITiCSE ya fara a Basalona a 1996, galibi ana yin sa a Turai a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Bai kai na farko girma ba, shi ya sa saduwa da mutane ta fi sauƙi. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙungiyoyin aiki, zan dawo kansu. ICER ya fara a Siyatil a 2005, shi na masu bincike ne ƙwarai: ɗaki ɗaya ne, kowa yana jin kowace maƙala, bayan gabatarwa kuma mutanen kowane tebur su tattauna a tsakaninsu kafin a jefa tambaya. Ga wanda ke shirin digiri na uku a wannan fanni babu kamarsa, amma ga malamar da ba ta saba da lissafin ƙididdiga da ra'ayoyin koyo ba, zai iya yi mata nauyi a zuwan farko. Akwai Koli Calling a gabashin Finlan, ƙaramin taro da aka fara a 2001, ake yin sa a watan Nuwamba cikin gandun daji, inda ba wanda ke da wurin guduwa sai hira da juna. Sai CompEd, wanda aka ƙirƙira musamman don a riƙa yin taro a wajen Turai da Arewacin Amurka: Chengdu ta Sin a 2019, Haidarabad ta Indiya a 2023, Gaborone ta Botsuwana a 2025. Masu koyarwa a firamare da sakandare su kuma suna da WiPSCE.

In da ni ce ke, tsakanin SIGCSE da ITiCSE zan zaɓa, in bar biza da kuɗin tafiya su raba gardamar. Wanda duk ya fi sauƙin isa, shi ne daidai.

Ki yi hattara da wani nau'in taro da zai same ki har cikin imel yana yabon ƙwarewarki, yana alkawarin karɓar maƙala cikin kwana uku, jigonsa kuma ya haɗa komai daga ilimi zuwa noma zuwa injiniya. Waɗannan kuɗin rajista suke nema. Gwajin mai sauƙi ne: ki duba sunayen kwamitin tantancewa ko mutane ne da ake karanta aikinsu a fannin, ki duba inda aka buga maƙalun bara, ki karanta biyu daga ciki.

Shiri ba shi da wani sirri, illa dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi rajista da wuri domin farashin farko ya fi rahusa, kuma sai kin yi rajista ake ba ki takardar da za ki kai wajen neman biza. Layin ganawa a ofishin jakadanci na iya ɗaukar watanni, don haka shi za ki fara dubawa tun kafin ki tsayar da taron. SIGCSE na da tallafin tafiya ga malaman da ba su taɓa zuwa ba, ɗalibai kuma kan samu sauƙin rajista idan suka yi aikin sa kai. Ki sayi tikitin da za a iya sauyawa. A Maris na 2020 mutane sun riga sun sauka a Portland aka soke taron saboda korona.

Jadawalin yakan fito makonni kafin ranar. Ki zauna da shi da biro, ki yi wa duk abin da ya taɓa ajin farko alama, sannan ki soke rabi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya ce sai ya leƙa kowane ɗaki yakan ƙare a bakin ƙofa yana jin ƙarshen wannan da farkon wancan. Maƙalun duk za a buga su, kina iya karantawa daga baya. Abin da ba a bugawa shi ne tambayoyin da aka yi wa mai maƙalar da yadda ya amsa, da zaman fosta, inda mutum ke tsayawa gaban allon da ya manna taƙaitaccen aikinsa, da zaman da za ki ga an rubuta BoF a jadawali, inda mutane masu damuwa iri ɗaya ke zama su yi magana ba tare da wani ya tsaya yana lacca ba. A SIGCSE kuma kada ki bari zaman Nifty Assignments ya wuce ki. Nick Parlante na jami'ar Stanford ne ya faro shi, malamai ne ke nuna aikin gida da suka ba ɗalibai ya yi armashi, kuma ana ajiye kayan aikin a intanet kowa ya ɗauka.

Inda nake so ki fi zuba hankali shi ne sauraro. A taron koyarwa kowa ya taɓa zama ɗalibi, kowa yana da aji, saboda haka kowane labari mai daɗi yana kama da gaskiya. Wani zai tashi ya ce ya sauya yaren firogiram, ko ya juya tsarin aji, ko ya kawo wata manhaja, ɗalibai suka ji daɗi, maki ya tashi. Zuciyarki za ta ce ga maganin nan. Kafin ki rubuta shi a matsayin magani, ki tambayi kanki: ɗalibai nawa ne? Da wa aka kwatanta su? Malamin da ya ƙirƙiro dabarar shi ne ya koyar, shi ne kuma ya saka jarrabawar ya yi makin? An auna abin da suka koya ne, ko an tambaye su ko sun ji daɗi? Kuma mataimaka nawa yake da su a aji? Dabarar da ta yi aiki ga ɗalibai 30 da mataimaka huɗu ba lallai ta rayu a ajin mutum 300 da malama ɗaya ba. SIGCSE kanta ta raba maƙalu gida uku: na bincike, na rahoton abin da malami ya gwada ko kayan aikin da ya ƙera, da na ra'ayi ko tsarin manhajar karatu. Kowanne da amfaninsa, amma ki san wanne kike saurare, kada ki ɗora wa rahoton gwaji nauyin da bincike ne kaɗai ke iya ɗauka.

Akwai labarin da ya kamata ki sani kafin ki shiga, domin za ki ji ana zagaye shi. Shekaru da yawa malaman kwamfuta sun yi imani cewa makin ajin farko tozo biyu gare shi kamar raƙumi: tarin waɗanda suka iya a gefe ɗaya, tarin waɗanda ba za su taɓa iyawa ba a ɗaya gefen, tsakiya fayau. A 2006 wani rubutu na Saeed Dehnadi da Richard Bornat ya yaɗu sosai da da'awar cewa akwai gwajin da zai rarrabe kashin biyu tun kafin a fara koyarwa. A 2014 Bornat da kansa ya fito ya janye wannan da'awa. Sannan a ICER na 2016 Elizabeth Patitsas da abokan aikinta suka duba jerin maki 778 na jami'ar British Columbia, suka tarar kashi 5.8 cikin ɗari ne kawai ke da tozo fiye da ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kashi na biyu na binciken. Sun nuna wa malamai zanen maki, sai ya zamana waɗanda suka yarda cewa iya firogiram baiwa ce da ake haifar mutum da ita sun fi saurin ganin tozo biyu inda babu. Na kawo wannan ne saboda kin ce kashi ɗaya bisa uku na faɗuwa, kuma na san akwai wanda zai ce miki, ko ya riga ya ce, ai waɗannan dama ba nasu ba ne. Ki je da wannan labari a aljihu.

In ba baiwa ba ce, to mece ce? Nan ne fannin ya tara abin da zai amfane ki. A ITiCSE na 2001 ƙungiyar aiki ƙarƙashin Michael McCracken ta gwada ɗalibai 216 daga jami'o'i huɗu bayan sun gama kwas na farko, matsakaicin makinsu ya tsaya wajen 23 cikin 110. Kowa ya girgiza. A 2004 wata ƙungiyar ƙarƙashin Raymond Lister ta bi sawu da tambaya mafi sauƙi: kafin a ce su rubuta, shin suna iya karanta gajeren firogiram su bi shi layi-layi su faɗi abin da zai fitar? Da yawa ba su iya ba. Ashe muna tura yara su rubuta wasiƙa da yaren da ba su iya karantawa ba. Daga wannan layin tunani ne dabaru da yawa da za ki ji suna yawo a taron suka samu gindin zama. Akwai wasan da Dale Parsons da Patricia Haden suka gabatar a 2006, inda ake ba ɗalibi layukan firogiram daidai amma a hargitse, aikinsa ya jera su. Akwai tsarin PRIMM na Sue Sentance da abokan aikinta, inda ɗalibi ke fara hasashen abin da firogiram zai yi, ya kunna shi ya gani, ya bincika, ya gyara, sai a ƙarshe ya rubuta nasa. Akwai kuma koyarwar tsara da tsara, wadda Eric Mazur ya faro a ajin fiziks a Harvard: malami ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, a tattauna da na kusa, a sake zaɓa. Leo Porter da Cynthia Bailey Lee da Beth Simon sun nuna a SIGCSE na 2013 cewa a kwasa-kwasai huɗu na kwamfuta wannan ya rage faɗuwa da janyewa da kusan rabi. Wannan na ƙarshe shi zan ce ki fi bibiya, domin an gina shi ne don babban aji, kuma ko da katin takarda masu launi ana iya yin sa.

Maganar ƙirƙirarriyar basira kuwa ba sai kin neme ta ba, ita za ta same ki a kowane lungu. Tun a farkon 2022, kafin ChatGPT ya fito, James Finnie-Ansley da abokan aikinsa a jami'ar Auckland suka ba Codex, wani samfurin ƙirƙirarriyar basira mai rubuta firogiram, tambayoyin jarrabawar ajin farko, ya faɗo cikin kashi ɗaya bisa huɗu na saman aji. Daga nan maƙalu kan wannan batu suka yi ambaliya. Shawarata ki shiga zama ɗaya ko biyu, ba goma ba. Da yawa daga cikinsu suna auna samfurin da kafin a buga maƙalar an riga an maye gurbinsa. Waɗanda suka cancanci lokacinki su ne masu kallon abin da ke faruwa da ɗalibi mai rauni idan ya zauna gaban na'urar da ke ba shi amsa, da masu sake tunanin yadda za a yi jarrabawa.

Saura mutane, wanda shi ne dalilin da ya sa zuwa da kai ya fi saƙo. A zuwana na farko na yi kuskuren da yawancin baƙi ke yi. Duk lokacin hutu sai in samu kujera a gefe in duƙufa kan waya kamar mai wani aiki na gaggawa, alhali kunya ce kawai. Sai rana ta ƙarshe, a gaban wata fosta da ba kowa a wurin, na tambayi mai ita yadda take yi da ɗaliban da ke kwafar aikin gida. Muka yi kusan awa ɗaya a tsaye. Abin da na koya a awar nan ya fi abin da na kwasa a kwana biyu na zaman lacca, kuma har yau muna musayar tambayoyin jarrabawa. Don haka ki fara da fosta. Mai fosta yana tsaye ne yana addu'ar wani ya zo, ba sai kin nemi hanyar buɗe hira ba. Ki tanadi jimla biyu da za ki gabatar da kanki: ajin da kike koyarwa, yawan ɗalibanki, da abin da ya dame ki. Idan kin ce kina da aji mai yawa kuma suna tuntuɓe a umarnin maimaitawa, za ki ga idon mutum ya kawo haske, domin shi ma can nasa ke tuntuɓe. Manyan sunayen fannin ma ki tunkare su. Yawancinsu malaman aji ne, sun saba da tambaya. Abin da ba shi da kyau shi ne a tsare mutum minti ashirin alhali wasu na jira, ko a tashi a zauren lacca da sunan tambaya a yi wani jawabin daban.

Tambaya guda da nake yi wa duk mai maƙalar da ta burge ni, bayan an tashi ba a bainar jama'a ba, ita ce: me ya ƙi aiki wanda ba ka rubuta ba? Shafi shida ba ya ɗaukar komai, kuma ba wanda ke son cika shi da gazawa. Amma a tsaye a bakin ƙofa za a gaya miki cewa zangon farko ɗalibai sun yi bore, ko cewa sai da aka ƙara mataimaka biyu, ko cewa malamin da ya gaji kwas ɗin ya watsar da dabarar.

Kowane dare ki ɗauki minti goma ki rubuta sunan wanda kika yi magana da shi da abin da kuka ce, domin bayan mako ɗaya duk fuskokin za su cakuɗe. Cikin makon da kika dawo ki aika wa uku ko huɗu daga cikinsu gajeren imel. Ki kuma nemi minti talatin a taron sashenku ki ba da labari, tunda su suka biya, kuma wanda ya ga amfanin kuɗinsa shi ke sake bayarwa.

A aji kuwa abu ɗaya za ki sauya, ba biyar ba. Na ga malamai sun dawo da zafi sun rushe kwas gaba ɗaya, ƙarshen zango maki ya motsa ko bai motsa ba, ba su san wanne ya jawo ba. Ki zaɓi ɗaya, a ce tambayoyin bin firogiram layi-layi na minti goma a farkon kowace lacca. Ki ajiye wasu tambayoyin jarrabawar bara yadda suke don ki samu abin kwatantawa. Kuma tun kafin ki fara ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, domin in ba shi, bayanan da kika tara ba za su shiga maƙala ba ko sun yi kyau.

Na ce zan dawo kan ƙungiyoyin aiki na ITiCSE, domin su ne ƙofar da na fi ba sabon shiga shawarar ya bi a shekara ta biyu. Ana sanar da jigoginsu watanni kafin taron, kowa na iya neman shiga, shugabannin ƙungiya su zaɓa. Mutum kamar goma daga ƙasashe daban-daban za su yi aiki tare ta intanet, su haɗu kwanaki kaɗan kafin buɗe taron su yi aikin ido da ido, daga baya su fitar da dogon rahoto da sunan kowa a kai. Binciken McCracken da na Lister duk ta nan suka fito. Irin wannan aiki yana buƙatar bayanai daga azuzuwa mabambanta, saboda haka malamar da ke da babban aji da maki na shekara biyu a ajiye tana da abin sakawa a tebur. Idan ITiCSE kika je, ki halarci zaman da ƙungiyoyin bana ke ba da rahoto, ki ga wace ce ta taɓa ajin farko, ki samu shugabanta ki tambaye shi ko suna da niyyar ci gaba baɗi.